Binciken musabbabin mutuwa sana'a ce, kuma Sakkwato na bukatar masu yin ta

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna neman fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana kan wani aiki da ake ambata a ƙarshen labarai da yawa, amma ba a cika bayyana shi ba. Idan aka tsinci gawa a kango, ko aka tsamo ta daga gulbin Rima, ko aka wayi gari iyali guda ba su tashi ba, labarin kan ƙare da cewa an kai gawa asibiti domin bincike. Wa ke yin binciken, me yake dubawa, wane karatu ya yi? Mu masu wannan wasiƙa aikinmu ke nan, kuma muna son ɗalibai da iyayensu su san cewa sana'a ce da ake koyo, ake kuma cin abinci da ita.

A Amurka akwai ma'aikaci na musamman, ba likita ba kuma ba ɗan sanda ba, wanda aikinsa shi ne ya je inda gawa take, ya duba ta, ya tambayi dangi, ya nemo tarihin rashin lafiyar mamacin, sannan ya kai wa likita rahoto. A nan ƙasar an rarraba wannan aiki tsakanin mutane da dama. Dokar binciken mace-mace da jihohin Arewa suka gada daga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963 ta ɗora wa alƙalin majistare alhakin bincikar duk mutuwar da ta zo farat ɗaya, ko ta hanyar rauni, ko a hannun hukuma, ko wadda ba a san dalilinta ba. Ɗan sanda mai bincike ya cike fom ya kai wa alƙali, alƙali ya sa hannu a takardar umarnin duba gawa, likita ya duba ya rubuta rahoto, masanin ɗakin gwaji ya auna abin da aka ɗebo, ma'aikacin mutuware kuma shi ke riƙe da gawar tun shigowarta har a miƙa ta ga dangi. Duk wanda ya yi sakaci a cikinsu, aikin sauran ya tashi a banza.

Abin da muke so a fahimta shi ne, yanka gawa ƙaramin ɓangare ne na aikin, kuma sau da yawa ba shi ke warware magana ba. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda wanda ya rasu da asuba kafin hantsi an kai shi makwancinsa, sa'o'in farko su ne komai.

Mai bincike idan ya isa wuri, ba gawar yake fara taɓawa ba. Sai ya rubuta lokacin isowarsa, ya sa a janye jama'a, ya tambayi wa ya fara ganinta, da ƙarfe nawa, kuma ko an motsa ta. Kusan kullum an motsa ta, domin mutanenmu ba sa iya barin mamaci a yashe: an rufe masa ido, an ɗaure haɓa, an miƙar da ƙafafu, an lulluɓe shi da zane. Ba laifi ba ne, amma dole a rubuta, don kada likita ya ɗauki abin da 'yan'uwa suka yi a matsayin yadda mutum ya mutu. Daga nan sai hoto, daga nesa yadda za a ga ɗakin duka, sannan matsakaici, sannan kowane rauni daga kusa, sau ɗaya haka nan, sau ɗaya da rula a gefensa. Hoton rauni ba rula ba ya amfanar kotu, saboda ba wanda zai iya faɗin girmansa. Ana sa hannuwan mamaci a jakar takarda a ɗaure a wuyan hannu, domin abin da ke ƙarƙashin farce, fata ko gashi ko zare, kada ya zube. Ba a sa leda. Leda na tara gumi, gumi ya kawo fumfuna, fumfuna ta lalata jinin da ake son gwadawa. Haka tufafi masu jini, a shanya su a inuwa su bushe, kowanne a ninke shi a takardarsa daban. Idan rataya ce, ba a kwance ƙullin igiya. A yanke ta nesa da ƙullin, a haɗa bakin biyu da zare, domin yanayin ƙulli kan nuna ko mutum zai iya yin sa da hannunsa. Harsashi ko kwansonsa ba a ɗaukar su da hantsakin ƙarfe, don kada a ƙara wa layukan da bakin bindiga ya zana a jikinsu wani sabon ƙarci.

Raunin bindiga kansa wanka na ɓata shi. Idan aka harbi mutum daga kusa, baƙin hayaƙin albarushi kan zauna a gefen hudar, kuma ruwa da sabulu sau ɗaya sun isa su tafi da shi. Wannan baƙin shi ne zai bambanta harbin da aka ɗora baki a jiki da wanda ya zo daga nesa. Shi ya sa muke roƙon a duba kafin wanka, ba bayansa ba.

Tambayar da 'yan sanda suka fi yi ita ce yaushe ya mutu, kuma a nan ne mai karatun littafi kawai yake kuskure. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi sun ce zafin gawa na raguwa da kusan digiri 1 a kowace awa. Wannan lissafi ya dogara ne da cewa iskar wurin ta fi jiki sanyi. A Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, jikin da yake 37 ba inda zai huce. A ɗakin kwano da rana ma ƙaruwa zai yi. Don haka dole a auna zafin gawar da dogon ma'auni mai shiga santimita 10 cikin jiki, a auna na iskar wurin a lokaci guda, a rubuta ko tana kan siminti ne ko kan katifa, ko akwai fanka, sannan a yarda cewa a bazara wannan awo ba ya ba da amsa. Sandarewar jiki kan fara daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 4, ta game jiki wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Zafi yana gaggauta duk matakan, haka ma idan mutum ya mutu yana gudu, ko yana cikin zazzaɓi mai tsanani ko jijjiga. Kwanciyar jini a sashen da ke ƙasa na farawa cikin awa 2, ta kafu wajen awa 8 zuwa 12, bayan haka ko an juya gawa ba ta komawa. Wannan na da amfani ƙwarai: gawar da aka tarar rub-da-ciki amma jini ya kwanta a bayanta, an motsa ta bayan mutuwa. Sai dai a baƙar fata alamar ba ta fitowa fili kamar yadda hotunan littafi ke nunawa, sai a duba tafin hannu, tafin ƙafa, ƙarƙashin farce, da cikin leɓe, cikin hasken rana ba na tocila ba.

Ruɓewa kuwa kan fara da canjin launi a gefen dama na mara, kuma a zafinmu kafin kwana ɗaya ya cika ana iya ganinta. Tana zuwa da tarkuna. Wani jan ruwa kan fito ta hanci da baki, dangi su rantse jini ne, an doke shi. Ciki ya kumbura, a ce sammu ne ko guba. Harshe ya turo, a ce shaƙe shi aka yi. Duk iskar ruɓewa ce ke turo su. Tururuwa kan ci fata ta bar tabo mai kama da ƙujewa, karnuka da ɓeraye su bar abin da ke kama da sara. Rauni na lokacin rai yana da jini da ya shiga cikin nama, na bayan mutuwa ba shi da shi, kuma wanda bai iya rarrabe su ba zai iya jefa marar laifi a kurkuku. Da hunturu labarin daban ne, domin busasshiyar iska kan ƙafe gawar da ke fili har fata ta zama kamar ƙirgi, ta daɗe ba ta lalace ba. Idan an wuce kwana biyu ko uku, tsutsa ta fi kowane ma'auni faɗin gaskiya, tunda ƙuda kan sa ƙwai jim kaɗan bayan mutuwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya. A ɗebi manyan tsutsotsin, a kashe rabi da ruwan zafi na wajen sakan 30, a zuba a sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, sauran rabin a ajiye da rai a kan ɗan nama har su zama ƙuda a gane irinsu. Wanda ya jefa su da rai cikin sifirit, za su tsuke, tsawon da ake lissafin kwanaki da shi ya ɓace. Duk da haka mai bincike na ƙwarai ba ya cewa ƙarfe kaza aka mutu. Tazara yake bayarwa, daga kaza zuwa kaza.

Babbar asara a mutuware take faruwa. Firjin gawa ana so ya tsaya tsakanin digiri 2 da 4. Inda wuta ba ta tsayawa, abin da ma'aikaci ya saba shi ne ya yi wa gawa allurar fomalin tana isowa don kada ta lalace. Ga gawar da ba a tuhumar komai a kanta, ba matsala. Ga wadda alƙali ke jira, an gama da ita: fomalin ya wanke jini, ya canza magunguna da gubar da ke jiki, ya lalata ƙwayoyin halittar da ake gwajin DNA da su, ya kuma canza launin tabon duka. Ƙa'ida ita ce a ɗebi samfur tukuna. Jini mililita 10 daga jijiyar cinya, ba daga zuciya ba, domin bayan mutuwa magani kan tsiyayo daga tumbi da hanta zuwa jinin ƙirji ya nuna adadin da ya fi gaskiya yawa. A zuba shi a kwalba mai tokan murfi, wadda ke da sinadarin fuloraid da ke hana ƙwayoyin cuta samar da barasa a cikin jinin. In ba haka ba a wayi gari an ce wanda bai taɓa sha ba ya mutu a buge. Ruwan cikin ƙwayar ido, mililita 2 daga kowane ido, da siririyar allura, sannan a mayar da ruwan gishiri don idon ya koma yadda yake. Wannan ruwa ya fi jini jinkirin lalacewa, kuma yana tona ciwon sukari da ƙarancin ruwa a jiki. Fitsari duk abin da aka samu, abin da ke cikin tumbi gaba ɗaya, hanta giram 50 zuwa 100. Naman da za a duba a madubin likita shi kaɗai ake sa wa fomalin mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau 10. Kowace kwalba da suna, lamba, kwanan wata, da hatimi, kuma duk wanda ta bi ta hannunsa ya sa hannu da lokaci. Lauya mai wayo ba ya musun sakamakon gwaji. Tambaya yake yi ina kwalbar ta kwana daga Talata zuwa Alhamis, in babu amsa a rubuce, shari'a ta rushe.

Irin mace-macen da ake gani a nan suna da nasu alamu. Iyalin da suka kwana da janareto a baranda, ko suka shiga da garwashi ɗaki da sanyi suka toshe taga, jininsu da namansu kan yi ja jawur, kuma gwajin jini ke tabbatar da hayaƙin, abin da kan wanke matar gida ko maƙwabci daga zargin sa guba a abinci. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari kan bar wari a tumbi da kumfa a hanyar numfashi, kuma kwalbar da aka tarar a ɗaki ita ma shaida ce, ba shara ba. Wanda aka tsamo a ruwa, tambayar ita ce da rai ya shiga ko jefa gawarsa aka yi; farar kumfa mai laushi a hanci da kumburin huhu na taimakawa, amma suna gushewa da wuri, yamutsewar fatar hannu kuwa daɗewa a ruwa kawai take nunawa. Gawar da ta ƙone, baƙin hayaƙi a cikin maƙogwaro shi ke nuna tana numfashi lokacin gobarar. Lanƙwashewar hannuwa kamar mai dambe aikin wuta ne a kan tsoka, ba alamar kokawa ba. Idan mutane da yawa suka ƙone a mota ko kwalekwale ya kife da su, gane wane ne wane ya dogara da zanen yatsa, haƙora, da DNA daga ƙashin cinya ko turmin haƙori; riga da zobe taimako ne kawai, kuma sanin fuska a irin wannan hali yana yawan yaudarar dangi. Aikin ma ba na masu laifi kaɗai ba ne. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 an gano ta ne saboda wasu sun tsaya sun tambayi me ke kashe su, suka auna jini.

Mun san abin da ke zukatan jama'a, mu ma musulmi ne 'yan garin nan. Hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye shi ne ya sa ba a taɓa gawa sai da dalili. Malamai sun duba wannan. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a shekarar 1396 bayan hijira ta halatta binciken gawa don tabbatar da tuhumar kisa ko gano annoba, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar musulmin duniya da ke Makka, ta yi irin wannan matsaya a 1987, da sharaɗin a tsaya iyakar bukata, a binne duk sassan jiki, kuma mata su duba mata matuƙar akwai su. Wannan sharaɗi na ƙarshe kira ne ga 'ya'yanmu mata, domin gidaje da yawa da ke ƙin a duba 'yarsu za su yarda in mace ce za ta duba. A kotunan shari'ar Musulunci kuma, inda bambancin ganganci da kuskure shi ne bambancin ƙisasi da diyya, sanin irin makamin da aka yi amfani da shi, da inda sara ya sauka, da ko shi ne ya yi ajali ko wata cuta ce da ma tana nan, haƙƙi ne na waliyyan jini da na wanda ake tuhuma baki ɗaya. Cikakken bincike awa 2 zuwa 4 yake ci. Ana mayar da komai, a ɗinke, a toshe da auduga yadda za a yi wanka da sutura ba tare da matsala ba. Abin da ke jinkirta jana'iza ba aikin likita ba ne, yawo da takarda ne tsakanin caji ofis da kotu da asibiti. Wani lokaci ma duba na waje, da hoton ƙashi, da ɗibar jini da allura sun wadatar.

Ga mai son shiga, ƙofofi sun fi ɗaya. Doguwar ita ce likitanci: Ingilishi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a jarabawar JAMB, shekara 6 a jami'a kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa, sannan kamar shekara 5 zuwa 6 na ƙwarewa a fannin nazarin cututtukan sassan jiki a asibitin koyarwa, da jarabawoyin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Masu son zurfafawa a ɓangaren shari'a kan ƙaro karatu a Afirka ta Kudu ko Ingila. Akwai digirin kimiyyar ɗakin gwaji na shekara 5, wanda masu shi ne ke sarrafa nama da jini da gwajin guba. Akwai hanyar ɗan sanda, kuma makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta Wudil na koyar da kimiyyar binciken laifuka. Ma'aikatan jinya da waɗanda suka fito daga kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa su ne suka fi dacewa a horar su zama masu zuwa inda gawa take, domin sun san magani, sun san karanta katin asibiti, sun kuma iya magana da mai makoki.

Kada wanda ya shigo don abin da ya gani a talabijin. Rabin aikin rubutu ne. Takardar shaidar mutuwa tana son cutar da ta fara jawo abin, ba tsayawar zuciya da numfashi ba, wanda kowane mamaci ya yi. A kotu, sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba ƙwararre damar faɗin ra'ayinsa, amma a kan fanninsa kawai: zai ce wannan rauni na abu mai kaifi ɗaya ne, zurfinsa kaza, ya huda kaza, ba zai ce wane ne ya yi ba. Ana iya kiransa bayan shekaru, lokacin da ba abin da ya rage sai abin da ya rubuta ran nan. Za a roƙe shi ya sassauta, wani lokaci a yi masa barazana, daga ɓangaren mai ƙara ko wanda ake ƙara ko hukumar da mutum ya mutu a hannunta. Albashi na ma'aikatan lafiya ne na gwamnati, kuma ba asibitin kuɗi da za a je da yamma a ƙara. Haɗarin lafiya na nan: rigakafin ciwon hanta nau'in B allura 3 ne, ta farko, bayan wata 1, bayan wata 6, kuma bai kamata a shiga ɗakin ba sai da shi. Tarin fuka na tashi a iska idan ana yanka huhu ko ƙashi, takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tare shi, sai takunkumi nau'in N95. Safar hannu biyu ake sawa. Wanda allura ta soka ya wanke da ruwa da sabulu, ya fara maganin kariya daga HIV cikin awa 72, gara ma a awannin farko. Gawar da ake zargin zazzaɓin Lassa ba a buɗe ta sam, jami'an annoba ake kira. Gawar yara kuma tana bin mutum gida, don haka yana da kyau a samu abokin aiki da ake iya zama da shi a yi magana.

Ga gwamnatin jiha da majalisar dokoki, Legas ta sake dokarta ta binciken mace-mace a 2007, ta kuma buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017. Ba mu ce a fara da irin wannan gini ba. A fara da horar da mutum biyu, namiji da mace, a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma cikin 23, a ba su kyamara, rula, ma'aunin zafi, jakunkunan takarda, kwalaben jini da akwatin ƙanƙara, domin gawar da za a ɗauko daga Sabon Birni ko Tangaza ko Kebbe a bayan a-kori-kura da rana, kafin ta iso birni rabin shaidarta ya tafi. A sa wa firjin mutuware sola tasa shi kaɗai. A ware alƙalin majistare mai jiran aiki kowace rana har Asabar da Lahadi, wanda zai iya sa hannu a takardar umarni cikin awa guda, yadda gawar da ta shigo da safe za a miƙa ta ga danginta kafin la'asar.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji,
Sakkwato.